Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan Hausawa mazauna Birtaniya, a kan shari'ar kwakwa da bakin 'ya'yanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, shugabannin ƙungiyoyinmu na Landan da Manchester da Birmingham da sauran garuruwa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata nasiha da kuke yawan yi mana. A walimar suna ana yin ta, a buɗa-baki ana yin ta, kuma duk ranar da aka ce za a fita zanga-zanga sai saƙonta ya zagaye wayoyinmu: "Yara ku iya bakinku, nan ba ƙasarku ba ce." Na san da kyakkyawar zuciya kuke faɗa. Amma ina ganin nasihar ta wuce gona da iri, har ta kai muna taya hukuma wani aikin da kotun ƙasar ma ta ce bai dace ba. Ku ba ni dama in kawo hujjata, in na yi tsaurin ido a yafe wa yaro.

Ranar 11 ga Nuwamba 2023 aka yi gagarumar zanga-zangar neman tsagaita wuta a Gaza a tsakiyar Landan. 'Yan sanda da kansu sun ƙiyasta mutum kusan 300,000. A cikin taron akwai wata malamar makaranta, Musulma 'yar asalin kudancin Asiya, riƙe da kwali. A jikin kwalin an zana bishiyar kwakwa, 'ya'yanta sun zubo ƙasa, a cikinsu kuma ga fuskar firaministan lokacin Rishi Sunak da ta sakatariyar harkokin cikin gida ta lokacin Suella Braverman. Duk wanda ya zauna cikin baƙaƙe da 'yan Asiya a ƙasar nan ya san inda zanen ya dosa. Kwakwa bayanta duhu, cikinta fari tas. Ana nufin mutumin da fatarsa irin tamu ce amma aikinsa na masu danne mu ne.

Aka ɗauki hotonta aka sa a X. Rundunar 'yan sandan Landan ta fito fili ta ce tana neman ta. Aikinta ya tafi. Aka tuhume ta da laifin tada hankalin jama'a mai haɗe da ƙiyayyar launin fata, ta tsaya gaban kotun majistare ta Westminster da cikin wata tara. Masu gabatar da ƙara suka dage cewa kwakwa zagin launin fata ne. Lauyoyinta suka kira masana irin su Farfesa Gus John, wanda ya tsufa a gwagwarmayar baƙaƙen Birtaniya, suka bayyana wa kotu daga inda kalmar ta fito da kuma wa ake jifa da ita. Ranar 13 ga Satumba 2024 alƙaliya Vanessa Lloyd ta sallame ta. Ta ce zanen shaguɓen siyasa ne, kuma masu ƙara sun kasa tabbatar da cewa cin zarafi ne.

An wanke ta, alhamdulillah. Amma wata goma ta yi tana rayuwa da wannan tuhuma a wuyanta, ga ciki, ga rashin aiki, ga fuskarta a jaridu. Duk yarinyar da ta kalli abin daga gefe ta ɗauki darasi tun kafin alƙaliya ta buɗe baki, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Shi ya sa nake cewa hukuncin an riga an zartar da shi a waje, kotu dai ta zo daga baya ta ce bai kamata a yi ba.

Ku tuna wace ce a jikin kwalin, kuma me ta yi kafin a zana ta. Braverman ce ta tsaya a majalisa a ƙarshen Oktoba 2022 ta kira zuwan masu neman mafaka ta tekun kudu mamaya. Ita ce ta ce burinta ta ga hoton jirgi ya tashi da su zuwa Ruwanda a shafin farko na jarida. Ita ce ta kira zanga-zangar Gaza jerin gwanon ƙiyayya, ta kuma rubuta a jarida cewa 'yan sanda na nuna son kai ga masu yin ta. A ranar da aka ɗaga kwalin, gungun masu tsattsauran ra'ayin dama ne suka fi gwabzawa da 'yan sanda a kusa da wurin tunawa da mazan jiya, kuma mafi yawan waɗanda aka kama a ranar daga cikinsu suke. Kwana biyu bayan haka Sunak ya sallame ta daga muƙaminta, kwana biyu bayan nan kuma kotun ƙoli ta ce shirin Ruwanda ya saɓa wa doka. Tun tana babbar lauyar gwamnati aka san ta da wannan hali. Lokacin da masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke mutum huɗun da aka tuhuma da tumɓuke mutum-mutumin Edward Colston a Bristol, wanda aka jefa a ruwa ranar 7 ga Yuni 2020, ita ce ta kai maganar kotun ɗaukaka ƙara don kada irin wannan kariya ta sake yi wa wani amfani. Colston kuwa jigo ne a kamfanin da ya kwashi 'yan Afirka kusan 84,000 zuwa bauta a zamaninsa, yawancinsu daga gaɓar yammacin nahiyarmu.

Mahaifin Braverman daga Kenya ya zo, mahaifiyarta daga Mauritius. Iyayen Sunak ma daga gabashin Afirka suka shigo. To idan 'yar baƙi ta hau kujera ta ce a rufe ƙofar da iyayenta suka shigo ta cikinta, wata 'yar baƙin kuma ta yi mata habaici da zane, wace ce a cikinsu ke buƙatar kariyar 'yan sanda?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne asalin dokar da aka yi amfani da ita. Laifukan da ake ƙara wa nauyi saboda ƙiyayyar launin fata sun shiga kundin dokokin Ingila ne a 1998, a shekarun da ƙasar ke girgiza da kisan Stephen Lawrence. Yaro ne baƙar fata ɗan shekara 18, wasu samari farare suka soke shi da wuƙa yana jiran bas a Eltham ranar 22 ga Afrilu 1993. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Rahoton Macpherson na 1999 ya ce wariyar launin fata ta yi kanta a tsarin rundunar kanta. Sai a Janairu 2012 aka samu mutum biyu da laifin kisan. Daga baya kuma ya fito cewa a lokacin da iyayen yaron ke neman gaskiya, an tura ɗan sandan ciki ya saje da ƙungiyoyin da ke mara musu baya yana kai rahoto. Wannan ita ce dokar da jinin baƙar fata ya sayo, ita aka ɗauko aka juya kan mace mai launin fata don ta yi wa minista ba'a.

Kuma wa ke riƙe da sandar? A Fabrairu 2022 hukumar da ke binciken 'yan sanda ta fitar da saƙonnin da wasu jami'an ofishin Charing Cross ke aika wa juna: raha a kan yaran Afirka, a kan Musulmi, a kan fyaɗe. Uzurin da aka riƙa bayarwa shi ne wasa ne tsakanin abokan aiki. Cikin 'yan kwanaki shugabar rundunar, Cressida Dick, ta ajiye aiki. A Maris 2023 rahoton Louise Casey a kan rundunar ya maimaita abin da Macpherson ya faɗa shekara 24 da suka wuce, ya ƙara da ƙin mata a kai. Sabon shugaban, Mark Rowley, ya ce ya karɓi abin da aka gano amma ba zai yarda a ce matsalar ta tsari ce ba. Rundunar da ta san yadda za ta kira nata zagin wasa, ta kuma zaɓi sunan da za a kira laifinta da shi, ita ce wata takwas bayan nan ta kasa gane barkwanci a jikin kwali. Laifi tudu ne.

Masu kallon ƙwallo a cikinku za su tuna wata makamanciyar wannan. A wannan kotu ta Westminster aka wanke John Terry a Yuli 2012 daga tuhumar yi wa Anton Ferdinand zagin launin fata, Ashley Cole kuma ya ba da shaida a ɓangaren Terry. Rio Ferdinand, yayan Anton, ya yi na'am da wani saƙo da ya kamanta Cole da askirim mai cakulan a waje, fari a ciki. Hukumar ƙwallon Ingila ta ci shi tarar fam 45,000. Terry shi ma daga baya hukumar ta dakatar da shi wasa huɗu ta ci shi fam 220,000. Ko ba komai dai wannan a cikin gidan ƙwallo aka yi shi aka gama, ba a kai Rio gaban alƙali ba. A 2024 kuwa abin ya kai 'yan sandan West Midlands sun gayyaci Kehinde Andrews, farfesan nazarin tarihin baƙaƙe a Birmingham, ya zo ya amsa tambayoyi don ya kira wani mai sharhi baƙar fata da sunan da Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, ya yaɗa a 1963, na bawan cikin gida mai kare ubangidansa fiye da kansa. Maganar da ake koyarwa a aji ce ta zama abin bincike.

Yanzu bari in zo kan kalmar kanta, don kada ku ɗauka ina tallata ta. Ni ba na amfani da ita, kuma ba zan so in ji ta a bakin ƙanena ba. Akwai wani zato a ƙarƙashinta da ban yarda da shi ba, wato cewa launin fata shi ke yanke wa mutum ra'ayin siyasa, duk wanda ya saɓa kuwa ya sayar da kansa. An jefi yara da ita a makaranta don kawai suna son karatu ko suna magana da wani irin lafazi, kuma wannan zalunci ne. Mutum na iya zama baƙi wuluk ya so rage haraji, ya so taƙaita shigowar baƙi, bai ci amanar kowa ba. Abin da zan ce wa Braverman ya fi kwakwa tsawo kuma ya fi ta zafi, domin ni ayyukanta zan jero mata. Amma ƙin kalma daban, kai mai ita kotu daban. Wannan gardama tamu ce, ta cikin gida, tsakanin baƙaƙe da 'yan Asiya da 'ya'yansu, an daɗe ana yin ta kuma ba a gama ba. A zaure ya kamata a yi ta, a masallaci, a ɗakin karatu. Ranar da muka miƙa ta ga ɗan sanda ya raba, shi zai riƙa zaɓar mana wane fushi ne halal.

Kuma ku gafarce ni, ku ma kuna da irin wannan fushin. A Disamba 2024, da Kemi Badenoch, shugabar jam'iyyar Conservative da ta tashi a Legas, ta ce ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Nijeriya, ta kuma liƙa mana Boko Haram, na karanta abin da manyanmu suka riƙa rubutawa a zaurukan waya. Kwakwa mai sauƙi ce a kan wasu sunayen da aka kira ta da su. Ban ga laifinku ba. Tambayata ita ce me ya sa abin da dattijo zai faɗa a ɓoye cikin 'yan'uwa ya zama haramun idan ɗansa ya zana shi a kwali ya kai inda mai mulkin zai gani?

Ba ina cewa babu iyaka ba. Mun ga iyakar da idonmu a damunar 2024. Bayan kisan yara mata uku a Southport ranar 29 ga Yuli, aka yaɗa ƙaryar cewa makashin Musulmi ne mai neman mafaka. Aka far wa masallacin garin. Ranar 4 ga Agusta aka cinna wuta a wani otal da aka sauke masu neman mafaka a Rotherham da mutane a ciki. Matar da ta rubuta a X cewa a ƙone otal-otal ɗin baƙi an ɗaure ta wata 31, kuma ban ga abin kuka a nan ba, domin ta kira a kashe mutane ne a daren da ake neman wanda zai kunna ashana. A namu ɓangaren ma wani kansila ya hau lasifika a Walthamstow ya yi maganar yanka maƙogwaro. Kotu ta sake shi a 2025, amma ni ba zan kare wannan magana ba ko da wasa. Tsakanin kira a zubar da jini da zana minista a gindin bishiya akwai tafiya mai nisa, kuma dokar kanta ta san da haka. Tun 2014 aka sassauta sashe na 5 na dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986, ta yadda magana ba ta zama laifi don kawai ta ɓata wa wani rai, sai ta kai barazana ko cin zarafi.

Akwai abu ɗaya daga wancan makon da nake so ku riƙe. Daren 7 ga Agusta, lokacin da aka yaɗa jerin ofisoshin lauyoyin baƙi da za a kai wa hari, da yawanmu mun kulle ƙofa, mun hana mata da yara fita, kuma daidai ne. Waɗanda suka cika titunan Walthamstow da Bristol da Brighton har maharan suka kasa fitowa su ne masu kwalayen nan, masu ihu, masu bakin da ba ya shiru, irin mutanen da kuke ce mana mu nisance su. A inuwarsu muka kwana.

Na san daga inda tsoronku ya taso, kuma ba daga Landan ba ne. Daga gida muka zo da shi. A Nuwamba 2022 wata kotu a Kano ta sa an yi wa matasa biyu bulala ashirin-ashirin da sharar harabar kotu don sun yi wa gwamna barkwanci a TikTok. A watan nan ne aka kama wani ɗalibin jami'a don ya yi wa matar shugaban ƙasa shaguɓe a Twitter. Wanda ya tashi yana ganin haka dole ya koya wa ɗansa shiru. Amma gidan namu yana da wani gadon ban da wannan. Iyayen wasunku 'yan NEPU ne. Tun daga 1950 suka riƙa shiga kurkukun En'e saboda waƙa da lacca da abin da alƙali ya kira rashin kunya ga sarauta. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma yau da sunanta ake alfahari, ba da na waɗanda suka ce mata ta iya bakinta ba. Mu da muka gaji zambo da habaici, muka san cewa talaka in ya rasa yadda zai yi da mai mulki da dariya yake rama wa, bai kamata a ce sai wata alƙaliya ta Ingila ce za ta tuna mana mene ne shaguɓe ba.

Inda nasiharku ke da ƙarfi, kuma dole in ba ku gaskiya, shi ne batun takarda. Yaron da ya zo da bizar karatu, ko 'yar'uwar da ke aikin kula da tsofaffi da biza a hannun mai gidan aikinta, ba daidai suke da mai fasfon ƙasar ba. Tuhuma kaɗai na iya raba su da aiki, hukunci kuwa na iya bin su har ranar neman takardar zama. Hukuncin kotun majistare kuma ba ya ɗaure wata kotu. A 2010 an taɓa samun wata kansila baƙar fata a Bristol da laifi don ta kira abokiyar aikinta 'yar Asiya da wannan kalma a zauren majalisa. Dokokin 2022 da 2023 sun ƙara wa 'yan sanda ikon gindaya sharuɗɗa a kan taro, har da saboda ƙarar hayaniya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da ya fito daga wannan gaskiyar shi ne mai rauni ya yi hattara, mai ƙarfi ya tsaya a gabansa. A cikinku akwai likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da suka shekara talatin a ƙasar nan, fasfo a aljihu, gida nasu na kansu. Ku ne za ku iya magana ba tare da an kore ku ba, ku ne kuma kuka fi kowa yin shiru. Hatta ƙa'idar da Braverman ta kawo don sauƙaƙa hana zanga-zanga, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Liberty ce ta kai ta kotu, babbar kotu ta ce ta saɓa wa doka a Mayu 2024. Wasu ne suka yi mana wannan wahalar.

Don haka roƙona ba mai yawa ba ne. A maimakon saƙon "kada a fita", a tura wa yara abin da zai amfane su in sun fita ko in an ƙwanƙwasa musu ƙofa. Su san cewa duk wanda aka kama yana da haƙƙin lauya kyauta a ofishin 'yan sanda, haka ma wanda aka ce ya zo da ƙafarsa a yi hira, domin ita ma hirar ana naɗar ta kuma ana kai ta kotu. Su san cewa gargaɗin da ɗan sanda zai ce ka sa hannu ka tafi gida amsa laifi ne, yana shiga kundi, kada a karɓe shi sai an ji ta bakin lauya. Ƙungiyoyi irin su Liberty da Netpol, mai sa ido a kan ayyukan 'yan sanda, sun rubuta waɗannan abubuwa dalla-dalla, aikin kwana ɗaya ne wani lauyanmu ya mayar da su Hausa. Asusun da muke tarawa don kai gawa gida, Allah ya saka wa masu kula da shi, a buɗe masa ɗan'uwa na tallafin shari'a. In kuma aka kama ɗayanmu saboda zane ko waƙa ko rubutu, kafin a fara tambayar ɗan gidan wa ne da wa ya aike shi, a fara zuwa a zauna a bencin kotu inda zai waiwaya ya ga farin gemu a bayansa.

Ina kuma roƙon a sa wannan magana cikin jadawalin taro na gaba, a gayyaci yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ta karye amma suka fi mu sanin yadda ake tsayar da baƙar fata a titi a caje shi. A bar su su fara magana kafin dattawa su yi nasiha. Zan zo, kuma in akwai wanda ke ganin na yi kuskure a cikin wannan wasiƙa, a shirye nake in zauna a ƙasa ya gyara mini.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mana zuri'a.

Wassalam,
Ɗanku, wani ɗan Arewa mazaunin Ingila